Iskar manyan duniyoyi masu zafi: abin da ke tayar da ita da yadda aka auna ta

Tambaya daga wani malamin labarin ƙasa da ke koyarwa a wata sakandare a Tudun Wadan Zariya: "Assalamu alaikum, Malam. Ɗalibaina sun zo mini da labarin cewa masana sun auna iska mai gudun kilomita 33,000 a awa ɗaya a wata duniya da ke zagaya wani tauraro mai nisa. Ina koyar da su iskar hunturu da ta damina, amma wannan ta fi ƙarfina. Me ke tayar da irin wannan iska, ta yaya aka auna ta alhali ba a ganin duniyar, kuma ita ma tana sauyawa da lokutan shekara kamar tamu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Labarin da ɗalibanka suka kawo yana da tushe. Duniyar sunanta WASP-127 b, tana da nisan da haske zai shafe fiye da shekara 500 kafin ya ratsa, kuma a watan Janairun 2025 aka bayyana sakamakon awon da aka yi mata da babban madubin hangen nesa na Turawa da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile. Sai dai ban yarda cewa batun ya fi ƙarfinka ba, domin wanda ya iya bayyana dalilin da ya sa iskar hunturu ke zuwa mana daga arewa maso gabas ya riga ya riƙe rabin amsar.

Irin waɗannan duniyoyi an san su ne tun 1995, lokacin da Michel Mayor da Didier Queloz na jami'ar Janeba, suna aiki da wani madubi a kudancin Faransa, suka gano 51 Pegasi b, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2019. Abin da ya ba masana mamaki shi ne cewa duniya ce ta iskar haidirojin da hiliyom kamar Mushtari, wadda littattafan makaranta ke kira Jufita, amma maimakon ta shafe kusan shekara 12 tana zagaye ɗaya daga nisan kilomita miliyan 778 kamar Mushtarinmu, sai aka same ta tana gama zagayen tauraronta cikin kwana huɗu da 'yan awoyi, daga nisan da bai kai kilomita miliyan 8 ba. Ba su da doron ƙasa da za a taka, babu dutse kamar Kufena da zai tare iska, babu teku. Gas ne kawai da ke ƙara kauri da matsi yayin da aka nutsa ciki. A nan Hausarmu tana ɗan rikita mai koyarwa, tunda kalma ɗaya ce, iska, ke ɗauke da abin da muke shaƙa da kuma kaɗawarsa, don haka zan riƙa cewa gas idan ina nufin abin da kansa, in ce iska idan ina nufin tafiyarsa.

Kusancin nan shi ne tushen komai. Ƙarfin janyowar tauraro yana miƙe duniyar kaɗan, kuma wannan miƙewa tana zama birki ga juyawarta har sai tsawon juyi ɗaya ya yi daidai da tsawon zagaye ɗaya, kamar yadda ya faru da watanmu, wanda fuska ɗaya kaɗai yake nuna mana tun da aka fara duban watan azumi. Lissafi ya nuna cewa ga duniyar da ke zagaye cikin kwana uku ko huɗu wannan ƙullewa tana kammala cikin lokaci kaɗan idan aka kwatanta da shekarun tauraron. Sakamakon shi ne rabin duniyar yana cikin rana har abada, tauraron a tsaye wuri ɗaya a samaniya ba ya gusawa, ɗaya rabin kuma bai taɓa ganin haske ba.

Abin da kake koya wa ɗalibai game da iskarmu shi ne cewa inda zafi ya yi yawa gas yana buɗewa ya tashi, kuma bambancin matsi tsakanin wuri mai zafi da mai sanyi yana tura shi ya yi tafiya. Haka ne a can, illa dai bambancin ya kai ɗaruruwan digiri, kuma a matakin sama gas mai zafi na gefen rana ya kumbura ya fi na gefen dare tsayi, sai ya gangara zuwa duhu kamar ruwan da aka buɗe wa madatsa. Da duniyar ba ta juyawa ko kaɗan, da iskar ta bazu ta kowace kusurwa daga tsakiyar rana ta haɗu a tsakiyar dare, ta nutse, ta dawo ta ƙasa. Amma tana juyawa, sau ɗaya a kowane zagaye, kuma juyawa tana karkatar da duk abin da ke tafiya a kanta. Wannan karkatarwa, wadda aka sa wa sunan Bafaranshe Coriolis da ya yi bayaninta a 1835, ita ce ta sa iskar Sahara ba ta sauko mana kai tsaye daga arewa, sai daga arewa maso gabas da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma ita ce ta sa iskar damina da ta tsallako ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, daga tekun Gini take iso mana daga kudu maso yamma.

Ƙarfin karkatarwar ya danganta da saurin juyawa. Mushtarinmu tana juyi ɗaya cikin kusan awa 10, shi ya sa iskarta ta rarrabu zuwa ɗamaru masu yawa, sirara, wasu suna gabas wasu suna yamma, waɗanda ake gani kamar ratsin saƙi a hotunanta. Mushtari mai zafi, wato irin waccan duniya ta gas da ke kusa da tauraronta, tana juyi ne cikin kwanaki, gas ɗinta kuma mai zafi ne mara nauyi, saboda haka kafin juyawa ta lanƙwasa iskar ta riga ta yi tafiyar da ta kusa rabin faɗin duniyar. Maimakon ɗamaru barkatai, abin da lissafin kwamfuta ke fitarwa kusan kullum shi ne kogin iska guda ɗaya mai faɗi a kan ikwaita, yana gudu zuwa gabas, wato ta fuskar da duniyar kanta ke juyawa, da gudun kilomita ɗaya zuwa 'yan kilomitoci a sakan guda.

A wannan kogi ya kamata a dakata, domin a nan ne ainihin wuyar take. Ikwaita ita ce wurin da ya fi ko'ina saurin juyawa a jikin kowace duniya, tunda ta fi nisa daga sandar da ake juyawa a kai. Gas ɗin da ya taso daga arewa ko daga kudu zuwa ikwaita yana zuwa ne da saurin da bai kai na wurin ba, don haka ya kamata a bar shi a baya, ya zama iska mai zuwa yamma, kamar yadda iskokinmu na yankin zafi suke yi. To ta ina iskar ikwaita za ta samo ƙarfin da za ta tsere wa duniyar da ke ɗauke da ita? Adam Showman da Tristan Guillot sun ga kogin a lissafinsu na 2002, amma cikakken dalilin sai a 2011 Showman da Lorenzo Polvani suka fayyace shi, kuma abin sha'awa shi ne da kayan aikin masana yanayin ƙasashenmu masu zafi suka yi, wato lissafin da Taroh Matsuno na Jafan ya fara a 1966 kuma Adrian Gill ya faɗaɗa a 1980 domin fahimtar yadda samaniyar ikwaita ke amsawa idan aka ɗumama ta a wuri ɗaya. Zafin da ke tsaye a gefen rana yana tayar da manyan igiyoyi iri biyu a cikin gas. Iri ɗaya, mai sunan Kelvin, yana bin ikwaita zuwa gabas, ɗayan kuma, mai sunan Rossby, yana zama a arewa da kudu da ita yana ja zuwa yamma. Tunda tsakiya ta gusa gabas gefuna kuma sun gusa yamma, tsarin iskar gaba ɗaya sai ya karkace ya zama kamar kan kibiya da ke nuna gabas. A irin wannan karkacewa gas ɗin da ke tafiya zuwa ikwaita yana ɗauke da turi zuwa gabas, wanda ke barin ta kuma yana ɗauke da turi zuwa yamma, kamar kunyoyin da manomi ya ja a karkace ta yadda ruwan kowace kunya ke zuba a kwari ɗaya. Turin gabas yana taruwa a tsakiya dare da rana har kogin ya kafu. A tsarin ranarmu ma akwai makamancin haka, domin duniyar Zahara tana shafe kwana 243 kafin ta yi juyi ɗaya, amma gajimarenta yana zagaye ta cikin kwana huɗu.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Hanyar awo ta farko ba ta auna iskar kanta, sawunta take bi. Kowa a Zariya ya san cewa a watan Afrilu ba lokacin da rana ta take tsaka ake jin mafi tsananin zafi ba, sai an yi azahar an doshi la'asar, domin ƙasa tana ci gaba da tara zafi bayan rana ta goce. Ka ɗauki kanka a matsayin dunƙulen gas da ke cikin kogin nan. Ko da yake tauraron ba ya motsi, kai kana motsi, saboda haka kana da taka asuba lokacin da ka fito daga duhu ta yamma, da taka tsakar rana, da taka magariba lokacin da ka shige duhu ta gabas. Idan duniyar tana da kewayen kilomita 500,000 kuma kogin yana gudun kilomita 2 a sakan, kwananka ɗaya kusan kwana uku ne na agogonmu. Kai ma za ka fi zafi ne a taka la'asar, wato gabas da inda tauraron ke saitin kai. Wannan ne Showman da Guillot suka yi hasashe, kuma shekara biyar bayan haka, a 2007, Heather Knutson da abokan aikinta suka gwada shi da madubin Spitzer da ke sararin samaniya. Sun zuba wa HD 189733 b ido na kusan awa 33 a jere suna auna hasken zafi, irin wanda ido ba ya gani. Duniyar ba ta rabuwa da tauraronta a hoto, ɗigo ɗaya ne, amma yayin da take zagaye tana juyo mana da gefen dare sannan da gefen rana, sai hasken ɗigon ya riƙa hawa da sauka da ɗan kaɗan. Da tsakiyar rana ce ta fi zafi, da hasken ya kai ƙololuwa daidai lokacin da duniyar za ta ɓuya a bayan tauraron. Ya kai ƙololuwar ne awa biyu da wani abu kafin hakan, kuma taswirar da suka zana ta nuna wuri mafi zafi ya gusa gabas da kimanin digiri 30 cikin 360 na kewayen duniyar. Gefen rana ya kai wajen digiri 940 a ma'aunin Salshiyas, gefen dare kuma wajen 700, alhali wurin da bai taɓa ganin haske ba ba shi da wata hanyar samun wannan zafi in ba iska ce ta kai masa ba.

Daga nan aka fahimci cewa yanayin kowace irin wannan duniya tsere ne tsakanin lokuta biyu, lokacin da iska ke buƙata ta kai gas daga rana zuwa dare da lokacin da gas ɗin ke buƙata ya huce. Maƙeri ya san cewa ƙarfen da ya yi fari a wuta yana rasa haskensa nan take idan aka fitar da shi, amma wanda ya ɗan yi ɗumi yana daɗewa da ɗuminsa. A lissafi, idan zafin gas ya ninka sau biyu a ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga mafi tsananin sanyin da zai yiwu, lokacin hucewarsa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa duniyoyin da suka fi zafi suka fi nuna bambanci tsakanin rana da dare, wurinsu mafi zafi kuma ba ya gusawa da nisa, domin gas ɗin yana zubar da kayansa tun bai yi nisa ba. A can ƙarshen ma'auni wani abu yana sake shigowa. A KELT-9 b, wadda gefen ranarta ya kai wajen digiri 4,300, zafi yana raba ƙwayoyin haidirojin gida biyu, iska ta kwashe su zuwa dare, su sake haɗuwa su saki zafin da suka sha. Aikin da tururin tekun Gini ke yi mana ke nan, wanda ke shan zafi a kan teku ya zo ya sake shi a cikin hadarin da ke haɗuwa a kanmu.

Hanya ta biyu ita ce ke ba da gudun kai tsaye. Idan motar asibiti ta taho da jiniya a titin Sakkwato, ƙarar tana yin siriri yayin da take tunkaro ka, ta yi kauri bayan ta wuce. Haske ma haka yake yi. Lokacin da duniyar ta gitta ta gaban tauraronta, kaɗan daga hasken tauraron yana ratsa gas ɗin da ke bakin gefenta, kuma kowane sinadari yana shanye wasu launuka na musamman ya bar siraran layuka baƙaƙe idan aka baje hasken kamar bakan gizo. Gas ɗin da ke tahowa wajenmu yana gusar da layukan zuwa shuɗi, mai tafiya kuma zuwa ja. A 2010 Ignas Snellen na Holan da abokansa suka bi layukan kabon monokzaid a HD 209458 b, suka cire gudun zagayen duniyar kanta, wanda ya kai wajen kilomita 140 a sakan, suka ga saura kimanin kilomita 2 a sakan na gas da ke kwarara daga rana zuwa dare. Gusawar da suka auna kashi ɗaya ce cikin 150,000 na tsawon igiyar hasken, kuma su da kansu sun ce kuskuren awon zai iya kai rabin adadin. Ina ganin ya dace ɗalibai su ji wannan, domin adadin da jarida ta buga a tsaye, a takardar masu binciken yana tafe ne da iyakarsa. A 2015 Tom Louden da Peter Wheatley na Ingila suka raba gefuna biyu na HD 189733 b ta layukan sodiyom, suka ga ɗaya yana tahowa ɗaya yana tafiya da gudun da juyawar duniyar kaɗai ba za ta iya bayarwa ba, abin da ya dace da kogin gabas.

Haka aka yi wa WASP-127 b. Layukan tururin ruwa da na kabon monokzaid sun rabu biyu sarai, ɗaya daga gefen magariba mai tahowa, ɗaya daga gefen asuba mai tafiya. Amma akwai gyara ga adadin da ɗalibanka suka ji. Kilomita 33,000 a awa, wato wajen 9 a sakan, ya haɗa da juyawar duniyar kanta, wadda ta kai kimanin kilomita 1.6 a sakan a ikwaita. Idan aka cire ta, iskar tsantsa ta kai kimanin 7.7 a sakan, kusan kilomita 28,000 a awa. Wannan bai rage mata girma ba, domin da wannan gudu za a tashi daga Zariya a isa Kano cikin sakan ashirin da kaɗan, ya ninka iskar Neftun, wadda ta fi kowace gudu a tsarin ranarmu, fiye da sau goma, kuma ya zarce saurin sauti a cikin gas ɗin, wanda a haidirojin mai zafi yake tsakanin kilomita 2 zuwa 3 a sakan. A shekarar 2025 ne kuma Julia Seidel da abokanta suka haɗa hasken manyan madubai huɗu na Cile wuri ɗaya suka leƙa WASP-121 b hawa-hawa: a ƙasa turirin ƙarfe yana kwarara daga rana zuwa dare, a samansa kogin sodiyom yana zagaye ikwaita, can sama kuma haidirojin yana ficewa. Lissafin kwamfuta da yawa sun sa ran ganin kogin a ƙasa, kwararar a sama, sai aka samu akasin haka.

Gajimare yana rikita wannan hoto fiye da komai. A gefen dare gas yana hucewa har turirin ma'adanai ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi, kuma madubin James Webb ya ga alamar ƙwayoyin kwaz a WASP-17 b a 2023, sinadarin da ke cikin yashi da ƙurar hazonmu, sai dai nasu daga tururi ya ƙanƙare, ba daga ƙasa iska ta ɗebo shi ba. A WASP-43 b, mai zagaye cikin awa 19 da rabi, madubin ya auna wajen digiri 1,250 a rana da 600 a dare, da gajimare mai kauri a gefen duhu. A wannan sanyi ya kamata gas ɗin metan ya samu, amma ba a gan shi ba, abin da ke nuna cewa iska tana wucewa da gas ɗin kafin sinadaran su sami lokacin sauyawa. A WASP-39 b kuma gefen magariba ya fi gefen asuba zafi da kusan digiri 200, asubar ce ta fi gajimare, daidai da abin da ake tsammani daga gas da ya kwana a duhu.

Idan ɗalibai suka zo maka da labarin duniyar da ake ruwan ƙarfe, WASP-76 b suke nufi. Abin da aka auna a 2020 shi ne turirin ƙarfe mai yawa a gefen magariba da ƙarancinsa a gefen asuba. Cewa ƙarfen ya daskare ya zuba a cikin dare fassara ce mai ma'ana, amma wasu masu lissafi sun nuna cewa gajimare a gefen asuba da bambancin zafin gefunan biyu za su iya haifar da alama iri ɗaya. Ni a aji nakan rubuta abin da aka auna a gefe ɗaya na allo, fassararsa a ɗaya gefen.

Ba kowace duniya ce ke bin ƙa'idar gabas ba. A 2018 aka samu wuri mafi zafi na CoRoT-2 b a yamma, kuma dalilai uku ake muhawara a kansu: gajimare da ya rufe gabas, ko juyawar da ba ta ƙullu da zagaye ba, ko maganaɗisu. Na ukun yana da ƙarfi a duniyoyi mafiya zafi, inda sodiyom da fotashiyom ke sakin lantarkinsu har iskar ta zama kamar waya mai tafiya a cikin filin maganaɗisu, ta haifar da wutar da ke ja mata birki. Konstantin Batygin da David Stevenson sun kawo shawara a 2010 cewa wannan wuta tana ɗumama can cikin duniyar, kuma wataƙila ita ce dalilin da ya sa da yawansu suka kumbura fiye da yadda nauyinsu da shekarunsu suka yarda.

Game da lokutan shekara, hunturu da damina muna samun su ne saboda sandar juyawar duniyarmu ta karkata da digiri 23 da rabi, sai wurin da rana ta fi dukan ƙasa ya riƙa hawa arewa yana komawa kudu, iyakar da ke tsakanin busasshiyar iskar Sahara da mai laimar teku tana biye da shi, ta wuce Zariya zuwa arewa a farkon damina ta dawo wajen Oktoba. Janyowar da ta ƙulle juyawar Mushtari mai zafi ita ce kuma ke miƙar da sandarta ta mayar da hanyar zagayenta da'ira, don haka yawancinsu ba su da hunturu ko bazara, kogin yana gudu ta fuska ɗaya shekara da shekaru. Waɗanda ke da wani abu mai kama da lokutan shekara su ne 'yan kaɗan da hanyarsu ba ta gama zama da'ira ba. HD 80606 b tana shafe mafi yawan kwana 111 na zagayenta can nesa da tauraronta, sannan ta faɗo kusa da shi ta wuce da gudu, kuma lokacin da Spitzer ya kalli wannan wucewa a watan Nuwamban 2007, zafin samaniyarta ya tashi daga wajen digiri 530 zuwa wajen 1,230 cikin awa shida.